Daga Sabon Gari zuwa ƙasar Sumaila da jitar bes a cinya

Matasan wata majami'a da ke wani ƙauye a ƙasar Sumaila sun noma gyaɗa da wake a gonar ƙungiya, suka sayar, suka ce kuɗin bana na jitar bes ne, wato jita mai kaurin murya da ke riƙe gindin kiɗa. Suna da fiyano, suna da ganguna, matan zumunta kuma suna da tulunansu na kiɗa, amma duk sa'ad da suka je babban taro suka ji ƙungiyoyin da ke da bes, sai su dawo suna jin kiɗansu ba shi da gindi. Shugaban matasan ya shigo Kano da kuɗin, aka haɗa mu don in taya shi zaɓe, in kuma bi shi gida in saita musu kayan. A tsakiyar Janairu ne, hunturu ya kankama, kuma hunturun nan ya shiga cikin kusan kowace shawara da muka yanke.

Mai neman bes a Kano, Sabon Gari zai nufa. A situdiyoyin waƙar Hausa na titin Gidan Zoo ba kasafai ake ganinta ba, domin mai fiyano ne ke buga muryarta da hannun hagu, ko a ɗora ta a kwamfuta. Masu sayenta na gaske majami'u ne da 'yan kiɗan otal da na biki, shi ya sa shagunan ba sa tara ta da yawa, kuma rabin abin da ke rataye na hannu ne.

Idon abokin tafiyata ya faɗa kan wata ja mai ƙyalli, tsirkiya biyar, maɓallai reras, an rubuta sunan shahararren kamfanin jita, Fender, a kanta. Ya ce, "Yaya, wannan fa?" Na juya ta na nuna masa wani ɗan murfi a bayanta. Gidan batir ne mai volt 9. Irin wannan bes tana da ƙaramin injin ƙara sauti a cikinta, kuma ranar da batirin ya yi sanyi murya za ta fara shaƙewa da tsatsa, daga nan ta ɗauke. Muddin waya tana soke a jikinta batirin yana ci, ko ana kaɗawa ko ba a yi. To a inda yara goma za su riƙa taɓa ta, wa zai tuna ya zare waya kowane dare? Batirin kuma ba irin na tocila ba ne da ake samu a kowace tireda. Tsirkiya ta biyar, wato B, tana sauka zuwa kusan girgiza 31 a daƙiƙa, inda ƙaramar lasifika ba ta iya fitar da komai sai fuffuka, kuma a bes mai araha tsirkiyar nan sako-sako take. Sunan da ke kanta ma na aro ne: babu lamba ko ɗaya a jikinta, kuma inda wuya ya shiga gangar jiki akwai tazarar da katin ATM ya shige ya fito. Muka mayar da ita ƙugiyarta.

Ra'ayina a kan kayan kiɗan da za a kai ƙauye ɗaya ne: a sayi abin da mai gyaran rediyo da kafinta za su iya tayar da shi idan ya kwanta. A bes, wannan yana nufin tsirkiya huɗu, E da A da D da G daga mafi kauri zuwa mafi siranta, babu batir, wuya mai ɗaure da sukurori huɗu wanda za a iya kwancewa. Akwai irinta a ƙarshen layi, Squier ce ta hannu, wato ƙirar kamfanin Fender mai araha, baƙa, fentinta ya ƙoƙe a inda damtse ke gogawa. Ita na sauke, kuma wuyanta na fara dubawa, domin duk abin da ke jikin bes ana iya canza shi da kuɗi kaɗan in ban da wuya.

Wuyan bes kamar baka ne da aka ɗana. Tsirkiyoyi huɗu suna jan sa gaba da ƙarfin da ya kai kilo 70 ko fiye, dare da rana, rodin ƙarfen da aka binne a cikinsa kuma yana riƙe shi ta baya. Ana ɗaga jitar a sa ido ta wajen kai, a bi gefen E da kallo har ƙasa, sannan a bi gefen G. Ɗan lanƙwasa iri ɗaya a gefe biyu ba laifi ba ne. Idan kuwa gefe ɗaya ya miƙe ɗayan ya lanƙwashe, wuyan ya murɗe ke nan, kuma a bar ta ko da kyauta ce. Daga nan sai a danne tsirkiyar E a firet na farko, wato na farkon ƙananan ƙarafan da aka jera a kan wuya, wani ya danne ta a na ƙarshe, a duba tazarar da ke tsakanin tsirkiya da firet na 8. Abin da ake so kusan milimita 0.3 ne, kaurin katin gayyatar ɗaurin aure. Katin ATM kaurinsa milimita 0.76 ne, saboda haka in ya shige ba tare da ya ɗaga tsirkiya ba, lanƙwasar ta yi yawa. Tamu haka take, katin ya shige sumul. Wannan bai dame ni ba in dai rodin yana da rai, shi ya sa nake yawo da alanki, wato ɗan makullin juya notin rodin, mai milimita 4 da mai 5, waɗanda suka dace da mafi yawan bes ƙirar Asiya. Da izinin mai shago na sassauta notin kaɗan zuwa hagu, na mayar da shi dama. Ya juya da ɗan nauyi, abin da ake nema ke nan. Notin da ke juyawa fayau ba ya kama komai, ko wanda ya ƙame, ko wanda bakinsa ya cinye har alanki na zamewa, duk alamun a ajiye jitar ne.

Kafin a soka ta a amfilifaya, a kaɗa ta haka nan. A bi kowace tsirkiya firet bayan firet har ƙarshe, a hankali, kunne kusa da itace. Zizar da ta tsaya a firet ɗaya tak tana nufin na gabansa ya ɗago daga mazauninsa. Zizar da ta mamaye firet biyar na farko tana nufin wuya ya miƙe fiye da kima ko ya koma baya. Wadda ke can ƙasa kusa da gangar jiki kuwa yawanci jaki ne, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a kan gangar jiki, aka sauke da yawa. A tsirkiyar G, tsakanin firet na 5 da na 7, bes masu wannan ƙira sukan sami wuri ɗaya da murya ke mutuwa da wuri. Kusan dukkansu suna da shi, abin dubawa shi ne kada ya yi muni. Da na shafa gefen wuyan sai na ji bakin ƙarafan yana kartar hannu. Aikin hunturu ne: itace ya bushe ya tsuke, ƙarfe kuwa bai tsuke ba. Ƙaramin magagari da tef ɗin takarda sun isa gyara shi, kuma ya zama hujjar neman ragi.

Squier ɗin nan ƙirar Precision ce, wadda Leo Fender ya fara fitarwa a 1951. Tun 1957 fikof ɗinta, wato maganaɗisun da aka naɗe da siririyar wayar tagulla don ya ɗauki girgizar tsirkiya, rabe yake gida biyu, kuma an haɗa su ta yadda kowane ɓangare ke kashe ƙugin wutar da ɗayan ya kwaso. Ƙirar Jazz, da ta zo a 1960, tana da fikof biyu da wuya siriri, milimita 38 a wajen kai, mai daɗin riƙo ga ƙaramin hannu, muryarta kuma ta fi fita tar. Amma da ka rage ɗaya fikof ɗin sai ƙugi ya taso, kuma a wurin da wutar janareta ce wannan ƙugin ba ƙarami ba ne. Cikin Precision ba komai sai maɓallin ƙara, maɓallin murya, kafasita ɗaya da soket. Duk wanda ya taɓa like waya da dalma zai gane ta da kallo ɗaya.

Amfilifaya ta fi jitar cin kuɗi, kuma a nan mutane suka fi yin asara. Ta jitar gaba ba ta ɗaukar bes, domin tsirkiyar E tana girgiza sau 41 a daƙiƙa, kuma tana tura takardar lasifika gaba da baya fiye da yadda aka ƙera ta ta jure, har ta yage. Ga ɗaki mai cin mutum ɗari da ganguna a ciki, wat 100 da lasifika mai inci 15 shi ne mafi ƙaranci. A kashe ta, a baza yatsu a tura takardar lasifikar a hankali: in an ji karta, naɗin wayar da ke ciki ya taɓa ƙonewa. Sai kuma a karanta bayanta. Wutar Najeriya volt 230 ce, ta Amurka 120, kuma amfilifayoyin hannu da yawa daga can suke. Wadda mai shago ya fi yaba mana 120 ce, ya ce zai haɗa mana da taransifoma. Na ƙi, saboda wata rana wani zai ari taransifomar, wani kuma ya soka amfilifayar kai tsaye, shi ke nan sai hayaƙi. Muka ɗauki wata da ba ta kai ta suna ba amma an rubuta 230 a bayanta. Ragowar kuɗin ya tafi a sitabilaiza, wayar jita biyu, saitin tsirkiya ɗaya na ajiya, da maɗauri mai faɗi, tunda bes takan kai kilo 4 kuma siririn maɗauri yana cin kafaɗa.

A tasha yaran mota suka so su ɗora jitar a but, a kan buhunan taki. Amfilifayar muka bari a can, fuskarta a sama, an naɗe ta da bargo. Jitar kuwa kujera muka biya mata rabi, na riƙe ta a tsaye tsakanin ƙafafuna, kanta a kafaɗata. Abin da ke karya bes a mota nauyi ne a kan wuya, da zafin but da rana tsaka. Hazo ya rufe gari har ba a ganin ƙarshen gadar Wudil sosai, ruwan kogin ya ja baya, masu yashi suna ta lodi a ƙasa. Bayan Darki gonaki duk an girbe, sai karan dawa a tsaye bukka-bukka da shanun Fulani suna kiwo a saura. Daga inda mota ta ajiye mu sai babur. Ɗan acaɓa ɗaya ya ɗaure amfilifayar da roba a kan katifar soso, ni kuma na goya jitar, kanta sama, ina sunkuyawa duk inda reshen darbejiya ya sauko. Hanyar yashi ce da burji, mun isa fuska fari fat.

Aka tarbe mu da ruwa da fura, dattawa suka zo sannu da zuwa, yara suka cika ƙofa. Ban buɗe jakar nan take ba. Itacen da ya sha rana a hanya yana bukatar ya huce a inuwar ɗaki kafin a taɓa rodinsa, in ba haka ba abin da ka saita da yamma zai canza da safe.

Washegari muka shimfiɗa tabarma a kan benci biyu, matasa huɗu da za su riƙa kula da ita suka zauna kusa, domin saiti yana da tsari kuma in an tsallake mataki sai an koma baya. Da farko a ɗaure tsirkiyoyi daidai da manhajar saiti ta waya. Na biyu rodi: a sassauta tsirkiyoyin kaɗan, a juya noti zuwa dama kwatan zagaye kawai, a sake ɗaurewa, a ba shi lokaci kafin a auna. Wanda ya yi gaggawa ya ba shi zagaye guda a lokaci ɗaya yana iya tsinke rodin, kuma rodi in ya tsinke wuyan ya tashi aiki. Da katin gayyata ya fara taɓa tsirkiya da firet tare, muka tsaya. Na uku tsayin tsirkiya a jaki. Kowace tsirkiya tana da sirdinta mai ƙananan sukurori biyu. Na karɓi katin ATM uku na haɗa, kaurinsu ya kusa milimita 2.3, na sa a kan firet na 12: E ta ɗan fi haka kaɗan, G ta ɗan gaza. Mai nauyin hannu ya ƙara tsayi, mai taushin hannu ya rage. Na huɗu shi ne wanda aka fi mantawa. A kaɗa tsirkiya a sake, a duba manhaja, sannan a danne ta a firet na 12 a sake dubawa. Harafi ɗaya ya kamata ya fito, allura a tsakiya. In ta haura, a ja sirdin baya, nesa da wuya. In ta gaza, a tura shi gaba. Bes ɗin da ba a yi wa wannan ba za ta yi daidai da fiyano a saman wuya, ta saɓa masa a ƙasa, a yi ta zargin kunnen yaro alhali laifin sukuru ne. Na ƙarshe fikof: a danne firet na ƙarshe, a bar kusan milimita 3 tsakaninsa da E. In ya matso fiye da haka maganaɗisun yana jan tsirkiya, murya ta riƙa rawa.

Maɓallin ƙara yana ƙarar yashi idan an juya shi. Ƙura ce. Aka fesa masa maganin wanke maɓalli na masu gyaran rediyo, aka yi ta juya shi har ya yi shiru. Wani ya kawo baƙin mai da kyakkyawar niyya, na ce a mayar, mai yana kama ƙura ne ya zama laka.

Da aka tayar da janareta sai ƙugi ya cika ɗakin. Gwajinsa mai sauƙi ne. Ka ɗora hannu a kan tsirkiya: in ƙugin ya ragu, siririyar wayar da ta taso daga ƙarƙashin jaki zuwa maɓallai tana nan lafiya, matsalar daga wuta take. In bai canza ba, wayar nan ta tsinke, sai dalma. Namu ya ragu. Muka zare cajojin waya da aka jera a soket ɗaya da amfilifaya, rabin ƙugin ya tafi. Sauran kuwa na rashin wayar ƙasa ne, kuma wannan ya wuce maganar daɗin sauti. Mutumin da hannunsa ke kan tsirkiya, leɓensa ya taɓa makirfo ya ji tsirr, a kashe komai nan take, domin jikinsa ne ya zama hanyar wuta. Maganinsa sandar tagulla da za a kafa a ƙasa a haɗa da janareta da soket, kuma aikin mai wayarin ne. Da rani a riƙa zuba ruwa a gindinta, busasshiyar ƙasa ba ta ɗaukar wuta sosai. Na kuma sa aka rubuta a bango da alli: janareta ya fara tashi ya daidaita, sannan sitabilaiza, sannan amfilifaya da ƙararta a sifili. Wajen kashewa amfilifaya ce ta farko. Janaretan da mai ya ƙare masa yana tari kafin ya mutu, kuma a wannan tarin ne kayan sauti suka fi ƙonewa.

Neman sandar tagullar ne ya kai mu har Birnin Kudu a Jigawa, tunda ba a same ta kusa ba. Da muka saya, wani saurayi ɗan garin ya raka mu duwatsun da ke da zanen shanu na mutanen da, Dutsen Habude da Dutsen Mesa. A nan ne Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya lura a tsakiyar shekarun 1950 cewa wasu duwatsun kayan kiɗa ne. Suna nan da ramukan da dukan shekaru ya lotsa. Ka ƙwanƙwasa da ƙaramin dutse su amsa da ƙarar ƙarfe, kowane gurbi da muryarsa. Yaran unguwa uku suka yi mana kiɗi a kai. Biyu suna ta sakin hannu a gurabe masu siririyar murya, na ukun yana da gurbi mai kauri, kuma ba ya dukansa sai jefi-jefi, a wuri ɗaya kullum cikin zagayen. Na taɓa shugaban matasa na ce ya dubi na ukun da kyau.

Da yamma aka yi gwaji tare da matan zumunta. Tulun kiɗansu na yumɓu ne, ana dukan bakinsa da faifan soso, kuma muryarsa a ƙasa take, daidai inda bes ke zama. Yaron da aka ba jitar ya iya jitar gaba, hannunsa da sauri, sai ya shiga cika kowane gurbi da ƙwayoyin sauti. Ba a kai rabin waƙa ba babbar cikinsu ta ɗaga hannu. "Ɗana, kana taka mana tulu." Ya ce, "Yi haƙuri, Mama." Gaskiyarta. Abu biyu masu kauri in suka yi magana lokaci ɗaya ba a jin ko ɗaya. Muka sake lale: ya saurari dukan tulu mai nauyi, ya sauka tare da shi a kan muryar “do” ta do-re-mi, ya je muryar “so” idan waƙa ta juya, ya dawo. A wajen bayarwa ya yi shiru ko ya riƙe ƙwaya ɗaya, a wajen amshi ya shigo da ƙarfi. Waƙoƙin nan a kan murya biyar aka gina mafi yawansu, kuma karin waƙar yana bin hawa da saukar kalmomin Hausa, don haka bes ɗin da ke bin duk canjin da mai fiyano ya yi tana jan waƙar zuwa inda ba ta nufa ba.

Sai hannu. Babban yatsan dama ya zauna a kan fikof, manuniya da na tsakiya su riƙa karɓa-karɓa, kowane ya ja tsirkiya ya faɗa kan ta samanta, ba a fizgo ta waje. A hagu, firet na farko a bes mai tsawon inci 34 ya kusa santimita 5, don haka a saman wuya yatsa uku ake amfani da su, manuniya da na tsakiya da ƙaramin, na zobe yana taimaka wa ƙaramin. A danna dab da bayan ƙarfe, ba a tsakiyar gurbi ba. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne kashe sauti. Tsirkiyar bes ba ta yin shiru da kanta, kuma wadda ba ka taɓa ba ma tana amsawa. Ɗaga yatsa kaɗan ba tare da an bar tsirkiya ba shi ke yanke ƙwaya, kuma inda ƙwaya ta ƙare yana da nauyi daidai da inda ta fara. Da ya fara yankewa, sai ga mata sun fara taka rawa ba wanda ya ce su tashi.

Da dare muka haɗa waya da amfilifayar don su ji manya. Lasifikar waya ba ta fitar da bes, shi ya sa da yawa sun san waƙoƙin amma ba su taɓa jin abin da ke ƙarƙashinsu ba. Na fara da Aston Barrett, wanda ake kira Family Man, mai bes ɗin Bob Marley, da ya rasu a 2024. A wurina babu malamin da ya fi shi dacewa da waɗannan yara. Muryarsa mai kauri ce, ba ƙyalli, layinsa waƙa ce da za ka iya rerawa da baki, kuma yakan bar gurbi fili a inda kowa ke jiran ya sauka, ya bar wa ɗan'uwansa Carlton mai ganga. Wannan sanin ya kamata ne, irin wanda Mama ta nema da yamma. Daga shi sai James Jamerson na kamfanin Motown a Detroit, wanda ya rasu a 1983. Precision ce a hannunsa, irin ƙirar da ke jingine a gabansu, da tsirkiyoyi masu santsi da ba ya canzawa sai sun tsinke, da soso a wajen jaki don rage amo, kuma da yatsa ɗaya yake kaɗa duk abin nan. Yana yawo sosai a wuya, amma ko sau ɗaya ba za ka ji ya shiga gaban mawaƙi ba. Ina son su san cewa maɓalli biyu sun ishe shi.

Jaco Pastorius ya sa su tashi tsaye. Shi ne ya cire ƙarafan wuyan Jazz ɗinsa ya shafe itacen da gam mai tauri, ya sa bes ta yi kuka da waƙa a gaban ƙungiya. Ina girmama shi ƙwarai, amma na roƙe su kada kowa ya ɗauki filaya ya nufi jitar ƙungiya, kuma kada su fara koyo daga gare shi. Wanda ya fi taɓa su Richard Bona ne na Kamaru, da aka haifa a ƙauyen Minta a 1967. Yana yaro ya ƙera jitarsa da wayar birkin keke, a majami'a ya fara waƙa tare da mahaifiyarsa, sai a Duwala ya ji faifan Jaco ya koma bes. Yana rera abin da yatsunsa ke kaɗawa a lokaci guda, kuma wannan darasi ne da ba ya cin ko kwabo: abin da bakinka bai iya rerawa ba, kada hannunka ya kaɗa. Na rufe da Eyadou Ag Leche na ƙungiyar Tinariwen ta Buzayen arewacin Mali, bahago, saboda yanayin kiɗansu ya fi kusa da namu. Tafi ne da ƙwarya da amshi, murya biyar, shi kuma yana zagaya gajeren layi ɗaya ba gajiya har sai jikinka ya bi. Wani dattijo da ke zaune a bakin ƙofa tun farko ya ce, "To ai Ɗan Maraya da tsirkiya ɗaya ya yi nasa." Na ce, "Haka ne, Baba." Kuntigin Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi, kuma abin da ya riƙe waƙoƙinsa shi ne bugun da ba ya gocewa.

Kafin in kama hanya muka yi maganar tsirkiya, tunda ita ce abin da zai riƙa cin kuɗi. Saitin da muka ajiye mai lamba 45 zuwa 105 ne, wato awon kaurinsu daga siririyar zuwa mai kaurin. Gumi da ƙura ke kashe ta, don haka a wanke hannu kafin a ɗauka, a goge kowace tsirkiya sama da ƙasa da busasshen ƙyalle bayan an gama. In murya ta dushe, a kwance su a tafasa a ruwa minti 10 zuwa 15, a shanya su bushe sarai kafin a mayar, in ba haka ba tsatsa za ta ci su ta ciki. Dabarar tana aiki sau ɗaya ko biyu, daga nan ƙarfen ya gaji. Wajen sa sabuwa, a bar kusan santimita 10 bayan kunnen da za a naɗa ta, a lanƙwasa kafin a yanke don kada naɗin waje ya warware, a soka bakin a ramin kunnen, a naɗa zagaye biyu ko uku suna gangarowa ƙasa. A canza ɗaya bayan ɗaya, kada a kwashe duka a bar wuya ba ja.

Saitin da muka yi na hunturu ne. Idan damina ta sauka itacen zai sha danshi ya kumbura, wuya yakan koma baya, sai a ji ziza a firet na farko-farko. A lokacin kwatan zagaye zuwa hagu ake bukata, ba ɗaga jaki ba, kuma na sa kowannensu ya riƙe alankin ya nuna mini hagu da dama da hannunsa. Kada a jingina ta da bangon da rana ke duka, kada a bar ta a ƙasa saboda gara, kada kuma ta kwana ƙarƙashin kwano ba rufi. Jakar yadin da ta zo da ita ba za ta kare ta a kan babur ba, saboda haka aka kira kafintan garin ya auna: tsawon ciki santimita 120, faɗi 38, zurfi 10, falanki mai kauri, a shimfiɗa soson katifa ciki, a sa matashi a ƙarƙashin wuya wajen firet na 5, da ɗan aljihu mai murfi na alanki da wayoyi. Ya rubuta awon a bayan kwalin sukari, ya ce hinji da kwaɗo sai ranar Juma'a in ya shiga kasuwar Wudil.